Ƙullin da Na Yayyafa wa Zamzam

Na haura hamsin kafin in riƙe fensir. Ban faɗa don a tausaya mini ba. Na faɗa ne don a san irin matar da ta aikata abin da zan ba da labari.

Da ƙuruciyata na zo Makka, ta Chadi da Sudan, ina bin bayan maigidana. A nan na haihu shida, na binne biyu, daga baya na binne shi ma. Sana'ata tuyar waina ce a ƙofar gidan da muke haya a unguwar Ka'akiyya. In lokacin Hajji ya zo kuma, in tuƙa tuwo da miyar kuka in kai Aziziyya, wurin alhazanmu da cikinsu ya gaji da shinkafa. Duk takardar da ta shigo gidana, ta iƙama ce, wato izinin zama, ko ta asibiti, sai na jira wani ya dawo ya karanta mini. Wata rana na dangwala yatsa a kan wata takarda, yarinyar da ke bayan tebur ta miƙo mini abin goge hannu ko kallona ba ta yi ba. Ranar na ce ya isa. Na shiga makarantar manya ta mata da ake yi bayan La'asar a unguwarmu. An ce gemu ba ya hana ilmi, na ce to balle ni da ko gemun ba ni da shi.

Malamarmu jikar Hausawa ce, haifaffiyar Makka. Abla muke ce mata, kamar yadda ake kiran malamai mata a nan. Shekara uku tana kama hannuna har na iya haɗa baƙi da wasali, na iya karanta sunan titi da lambar mota. Allah ya saka mata. Sai dai ta sha faɗa mana cewa wanda ya fara karatu ya fi wanda bai fara ba haɗari, ni kuwa ina jin ta ne kawai.

A lokacin, autata kaɗai ta rage a gabana. Sauran sun yi aure, kuma ko sun zo, in na yi musu Hausa da Larabci suke amsa mini. Auta ce kawai take mayar mini da Hausa. Ba don ta fi su iyawa ba, don dai ta ga ina so. In ta rasa kalma sai ta tsaya ta juya ta Larabcin a kanta, ta lalubo wadda ta fi kusa da ita, ta miƙo mini. Duk garin nan mai cike da mutane, bakinta ne gidana.

Tana karatun kwamfuta daga gida, da wata jami'a ta nesa. A shekararta ta ƙarshe ta shigo da wani ɗan akwati baƙi, bai kai bulon sabulu biyu ba, ta ajiye shi a kan teburinta ta jona masa wayoyi. Wata 'yar fitila koriya tana ƙiftawa a jikinsa. Ta ce, "Umma, ko shara za ki yi, kada ki cire wannan. Aikin gama makarantata ne." Na ce to. Ban tambaya ba. Kuskurena na farko ke nan.

Akwai maƙwabciyata a hawa na sama, wadda nake kira Yaya. Ta girme ni, kuma ita ta karɓe ni lokacin da na sauka garin nan ban san kowa ba. Ita ta yi mini wankan jego na fari. Wata safiya, Auta ta fita unguwar Kudai wurin buga takardu, sai ga Yaya ta sauko, ta tura ƙofa ta mayar ta rufe, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba.

"Ke, zauna. Magana na zo da ita, kuma ba na son hayaniyarki."

"Yaushe na taɓa yi miki hayaniya?"

"Jiya ma kin yi. Saurara. Tagar 'yarki tana ƙarƙashin tawa. Sau uku ke nan ina jin ta tana waya da 'yar ƙaninki ta gida, da Hausa, da kunnena. Cewa take ƙullinta yana aiki ba dare ba rana. Wai yana magana da waɗansu ƙulle-ƙullen a ƙasashen Turawa. Wai tana ƙirga su ƙasa-ƙasa, ta san inda suka fi yawa."

Na ce, "Yaya, tsufa ya fara taɓa miki kunne."

"Bari in gama. Ta kuma yi zancen masu haƙa. Ƙulli da haƙa, ƙanwata. Me ake haƙa wa rami in an gama ƙulla shi?"

Na tashi tsaye. Na faɗa mata maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Na ce 'yata da take tashe ni sallar Asuba ita za a jefa da sihiri? Yaya ba ta motsa ba. Ta ce, "Da mugunta nake nufi, ba ƙofarki zan ƙwanƙwasa ba. Kin san garin da muke, kin san abin da wannan kalmar take jawo wa baƙo. Shiga ɗakin ki duba, ai yanzu kin iya karatu."

Na shiga don in ƙaryata ta. A bango, saman akwatin, Auta ta manna wata farar takarda mai jerin sunayen ƙasashe, kowace da lamba a gabanta. Na ɗora yatsa a kan rubutun Larabcin da ke sama, na bi shi baƙi-baƙi yadda Abla ta koya mini. Kalmar farko adadi. Ta biyun na karanta ta sau uku ina fatan ta canja. Uƙad. Jam'in uƙda, ƙulli. Ita ce dai kalmar da ke cikin surar da muke neman tsari da ita daga masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle. Ban fi wata biyu da ganin ta a rubuce a karon farko ba, har na yi murna ranar, na ce ashe haka take. Ga ta yau a ɗakin 'yata, da ƙasashen duniya a jere a ƙarƙashinta.

Na zauna a bakin gado ina kallon fitilar nan tana ƙifta mini ido.

Da ban iya karatu ba, da na kori Yaya na ci gaba da tuyata. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, haka aka ce, ni kuwa na sa wuyana a ciki da hannuna.

Muka yi shawara a tsaye. Ba za mu kira kowa ba, mu za mu warware abin da kanmu. Na ɗauko jarkar Zamzam da ba ta yankewa a gidana, na zuba a kwanon sha. Muka karanta abin da ya sawwaƙa, na tofa a ruwan, na tofa a akwatin. Sannan na tsoma hannu na yayyafa masa, sau uku. Yaya ta ce in ƙara ta wajen ramukan da iska ke fita, nan ne bakinsa. Na ƙara. Wata 'yar ƙara ya yi, kamar an taka busasshen ganye, ƙaurin roba ya tashi, fitilar ta mutu.

Yaya ta ce, "Kin gani ko? Bai iya jurewa ba."

Muka yi hamdala. Har shayi na dafa mana.

Auta ta dawo gab da Azahar. Ta shiga ɗakinta, na ji shiru. Can ta fito da akwatin a hannu, ruwa yana ɗiga daga gindinsa a kan abayarta.

"Umma, me ya zube a kan wannan?"

"Zamzam. Ni na zuba. Na karanta takardarki, na san abin da ke ciki."

Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta sake duban akwatin. Ta daɗe kafin ta gane, kuma ina kallon fuskarta lokacin da ganewar ta sauka.

"Sihiri kika zaci ina yi?"

Na sunkuyar da kai.

"Sati biyu yana kwashe bayanai kafin ya cika. Saura wata ɗaya in miƙa aikina." Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi. "Umma, duk gidan nan mutum ɗaya ce ta yi tofi a kan ƙulli, kuma ba ni ba ce."

Wannan ita ce Hausar ƙarshe da na ji daga bakinta na tsawon kwanaki. Ba ta yi gaba da ni ba, tarbiyyarta ba ta kai nan ba. Tana gaishe ni, tana wanke-wanke, tana kawo mini maganin ƙafa. Amma komai da Larabci, tsaf, irin wanda ake yi wa baƙuwa a ofis. In na ce, "Auta, kin ci abinci?" sai ta ce alhamdu lillah, ta wuce. Na ce ta yafe mini, ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, shi ma da Larabci. Gidan ya zama mini kamar ɗakin jira na asibiti.

A waje kuma maganar ta fita. Ba Yaya ta fitar ba, surukarta ce ta ji mu daga matakala. Masu sayen waina ba su daina zuwa ba, yunwa ba ta san gulma ba. Amma na ga wata ta janye ɗiyarta gefe lokacin da Auta za ta wuce. Auta ma ta gani.

Kwana huɗu ina juyi, a rana ta biyar na tsaya bayan an tashi daga aji. Na faɗa wa Abla komai, ban rage ba. Ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga leɓenta yana rawa. Ta ɗauko ƙamus ta buɗe, ta ce in karanta da kaina. Uƙda: ƙullin igiya. Gaɓar kara. Wurin da hanyoyi suka haɗu. Ta ce masu kwamfuta suna kiran tarin na'urorin da ke magana da juna shabaka, kowace na'ura a ciki kuma uƙda ce.

Na ce, "Mene ne shabaka a asalinsa?"

Ta rasa Hausarsa. Ta zana mini a allo: layi ya gitta layi, layi ya gitta layi, ga kifi a tsakiya.

Koma. Ragar kamun kifi.

Ni 'yar masunta ce. A bakin kogi aka haife ni, wajen Haɗeja. Na tashi ina ganin mahaifina zaune a inuwa da koma a kan gwiwa, yana bin ta ƙulli-ƙulli, inda ya kwance ya ɗaure. Shi ya koya mini cewa koma ba zare ba ce, ƙulle-ƙulle ce. In ɗaya ya tsinke sauran su riƙe, in sun yi yawa kifi ya gudu. Duk matan Ka'akiyya ba wadda ta kai ni sanin ƙullin da ba na sihiri ba, amma ni ce na ɗauko Zamzam. Na rufe fuskata da mayafi a gaban Abla. Ta dafa ni ta ce, "Hajiya, kin karanta kalmar daidai. Ma'ana ɗaya kika sani, yau kin san huɗu."

Auta ta samo wani abin ta gyara akwatin, ba ta bar ni na sa hannu ba. Ya fara kwashe bayanansa daga farko. Washegari da hantsi, bayan na sauke tanda, na ɗauki littafin makarantata da fensir na zauna a ƙofar ɗakinta, a ƙasa.

Na ce, "Ban zo ban-haƙuri ba, na riga na bayar. Karatu na zo. Me akwatin nan yake yi?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Na ce ina nan har La'asar, kuma ta san ni. Ta sani kuwa. Ta juyo ta fara bayani da Larabci, a gajarce. Larabcina na kasuwa ne, rabi nake kamawa. In ban gane ba in ce ta sake, ta sake, ba ta sauko Hausa ba ko sau ɗaya. Haka muka yi kwana tara. Ga abin da na rubuta a littafina, da irin fahimtata.

Akwai kuɗin da ba a riƙe shi a hannu, kirifto, wanda samarin gida suka ishe mu da zancensa. Ba shi da banki. Abin da yake da shi kundi ne guda, wanda aka rubuta duk wata musaya da aka taɓa yi da shi tun farko. Kundin ba a hannun mutum ɗaya yake ba. Duk wanda ya so yana iya ajiye cikakken kwafinsa a na'urarsa, ya riƙa duba kowane sabon shafi da aka kawo, in ya bi ƙa'ida ya karɓa ya miƙa wa na gaba, in da maguɗi ya ƙi. Wannan na'urar ita ce ƙulli. Akwatin Auta ɗaya ne daga cikinsu.

Na ce nawa ake biyan sa? Ta ce ko halala, kwabon ƙasar nan, ba a ba shi. Na ce to wahalar me yake yi? Ta ce don kada ya dogara da bakin wani.

Masu haƙa kuwa daban ne. Shi ne abin da ake ce wa mainin a gida, ko da yake ta ce yawancin danne-dannen waya da ake yi da wannan sunan ba shi ba ne. Ba ƙasa suke haƙa ba. Manyan injuna ne masu zafi da ƙara, suna tseren warware wani lissafi, wanda ya riga shi zai rubuta sabon shafi a ba shi ladansa. Wuta suke sha kamar raƙumi ya samu rijiya, shi ya sa masu su suke bin inda lantarki ke da araha. Ta ce in aka kunna irinsu a ɗakin nan, da zafin Makka, sai mun kwana a matakala.

Aikin makarantarta shi ne ta ƙirga ƙulle-ƙullen da ke kowace ƙasa, ta ga ko inda suka fi yawa nan ne masu haƙa suka fi yawa. Ta buɗe mini jerin a kwamfuta. Na ce ta matsa, ni zan karanta. Amurka a sama, Jamus kusa da ita. Na yi ta gangarowa da yatsa. Na wuce ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba sai a bakin alhazai. Na ga Saudiyya can ƙasa. Na ci gaba ina neman Najeriya da Nijar da Chadi. Wata na same ta kusa da gindin jerin, wata ban gan ta ba sam.

Abin ya ba ni haushi. Na ce duk surutun kirifto da ake yi a gida, ashe ba ma cikin lissafi? Ta ce ƙulli yana son wutar da ba ta ɗaukewa da intanet da ba ya yankewa. Na ce to shi ke nan, an gama da mu.

Sai ta ce kada in yarda da jerin gaba ɗaya. A nan ne na ga idonta ya fara haske, ta manta tana fushi, ko da yake harshen bai canja ba. Ta nuna mini wani layi mai tarin yawa da ba a rubuta masa ƙasa ba, na waɗanda suka ɓoye inda suke. Ta ce akwai kuma waɗanda suka rufe ƙofarsu, suna aikinsu amma mai ƙirga ba ya ganin su. Sannan mutum yana iya zama a Kano ya yi hayar na'ura a Jamus, a ƙirga shi Bajamushe. Masu haƙa kuma, injin dubu yana iya fakewa a bayan ƙulli ɗaya. Don haka yawan ƙulli a ƙasa ba ya nuna yawan haƙa, kuma ba ya nuna 'yan ina ne masu shi. Inda na'ura ta kwana kawai yake nunawa.

Na ce, "To naki fa, ɗan wace ƙasa aka rubuta shi?"

Ta ce Saudiyya.

Na yi dariya har na yi tari. Shekara talatin da wani abu ina garin nan ina sabunta takarda, ga ɗan akwati ya zo jiya an ƙirga shi ɗan ƙasa ba a tambaye shi komai ba. Ita ma ta kusa yin dariyar, ta kama kanta.

Ran nan na tambaye ta halaccin abin. Ta ce ita ba ta saye ba ta sayarwa, ƙirga take yi, kuma malamai sun yi magana a kan kuɗin, ba bakinsu ɗaya ba. Na ce wannan na bar wa masu shi. Ni abin da ya dame ni sunanta.

Duk ranar Alhamis bayan La'asar matan gidanmu da na maƙwabta sukan taru a falon Yaya a sha shayi. Na hau tun da rana na same ta. Na ce, "Yaya, tare muka ɓata, tare za mu gyara." Ta ce ita tun ranar ba ta iya haɗa ido da yarinyar. Na faɗa mata abin da ke raina, cewa ban riƙe ta ba. Mace ce da ta ji abin tsoro ta kawo shi ƙofata maimakon ta kai shi inda ba a dawowa da shi. Irin wannan maƙwabciyar ba a saye a kasuwa. Ta ce in daina, kada in sa ta kuka ga baƙi na tafe.

Na ce wa Auta ta hawo mana da faranti. Ba ta san abin da na shirya ba.

Da aka cika, na ajiye kofina na ce ina da magana. Wata ta ce, "Yau kuma wa ya taɓo 'yar masunta?" Na ce ni na taɓo kaina. Na ba su labarin Zamzam tun daga farko. Da na zo wurin da Yaya ta ce in ƙara ta bakinsa, wata tsohuwa ta ƙware da shayi.

Sannan na ce, "Kun san ranar kawo lefe. Wa ake ba tukwici?"

Suka ce waɗanda suka kawo akwatuna.

"To mu da muke zaune ana ɗaga atamfa ɗaya-ɗaya muna gani, me ake ba mu?"

"Lemo," in ji surukar Yaya.

"Lemo ma in an ga dama. Amma gobe in dangin ango suka ce turmi ashirin suka kawo alhali sha biyu ne, wa zai ƙaryata su? Mu. Kowacce ta gani da idonta, ba ta jira an faɗa mata ba. To masu haƙa su ne masu kawo lefe, suna tsere don tukwici. Akwatin 'yata kuwa irinmu ne, 'yar ganin lefe ce. Ana ce masa ƙulli don yana cikin raga, kamar ƙullin koma. Wadda ta sake janye ɗiyarta daga hanyar 'yata, ta zo ta janye ta daga tawa, don ni ce mai tofin."

Wadda na nufa ta sunkuyar da kai tana gyaran ɗankwali. Auta tana tsaye a bakin ƙofa da faranti, ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

Yaya ta ce, "To ƙirgan ƙasashen fa?"

Nan na ji daɗin bakina, na zarce. Na ce ai mai sauƙi ne, duk ƙasar da ta fi yawan ƙulli ita ta fi masu haƙa, ita ta fi kuɗi.

"A'a, Umma."

Daga bakin ƙofa maganar ta fito, kuma da Hausa.

"Kwana tara ina faɗa miki. 'Yan ganin lefe suna iya cika ɗaki a nan, masu kawo shi kuma daga wani gari suke. Ba a gane wannan da wancan. Shi ne duk aikin nawa."

Na sani sarai. Yana rubuce a littafina, da hannuna. Har yau ban tabbata ba ko mantuwa na yi ko kuwa wani abu ne a cikina ya san abin da yake yi. Na dai ja bakina na yi shiru, abin da matan nan ba su taɓa gani ba.

Yaya ta matsa ta ba ta wuri. "Zo nan, 'yar nan. Ni dai roƙona ɗaya. Ki canja masa suna. Ki ce gaɓa, ko mahaɗa, wani abin da ba zai tsinka wa tsofaffi zuciya ba."

Auta ta ajiye farantin ta zauna. "Inna, ƙulli ne. Na daɗe ina neman Hausarsa kafin na samu. Ba zan sake shi don kun tsorata ba."

"Ji ta. Bakin uwarta sak."

Aka yi ta jefa mata tambayoyi. Wata tana son ta san ko ɗanta da ke danna waya a gida zai yi arziki, wata ko akwatin yana jin abin da ake faɗa a ɗaki. Tana amsawa, in ta rasa kalma ta tsaya ta lalubo, matan suna taya ta, suna gardama a kan wadda ta fi dacewa. Ni ina gefe ina ta hamdala a zuci, ga Allah da ya ba ni aron rai har na koyi baƙaƙen da suka jefa ni rami, suka kuma fito da ni.

Da aka kira Magariba muka sauko. A matakala tana gabana da faranti, ba ta juyo ba ta ce, "Umma, kin kuma ce musu Jamus maƙwabciyar Amurka ce."

"To ba a jere suke a takardar ba?"

Sai da ta zauna a kan matakala don dariya. Na ce ta tashi ta ba ni hanya, alwalata ba za ta jira iliminta ba.